Wata bakwai yarona yana zuga a maƙera, ba a ba shi masaba ba. In bar shi ko in cire shi?

Abban_Sadiƙu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san harkar ƙira. Ni mazaunin Daura ne, ɗinki nake yi, mahaifina ma ɗinki ya yi, duk danginmu babu maƙeri ko ɗaya. Ina da yaro ɗan shekara 14, yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Tun ranar da aka aike shi ya kai fartanya a koɗa, shi ke nan ya ga wurin zama. Da an tashi makaranta sai maƙera, ranar da babu Islamiyya kuwa sai kiran magariba ke maido shi gida, riga duk baƙin gawayi. Da na ga abin ba na wasa ba ne sai na je da kaina na sami dattijon mai maƙerar, na damƙa masa yaron, ya ce ya karɓa.

To yau wata bakwai ke nan. Aikinsa zuga, tsince gawayi, ɗebo ruwa, kwashe kashin maƙera. Ko sau ɗaya ba a ba shi masaba ya daki ƙarfe ba. Yayana ya ce in daina ɓata wa yaro lokaci, wai ƙira gado ce, maƙera ba su ba bare sirrinsu, gara in kai shi walda ko gyaran waya. Shi kuwa yaron ko a jikinsa, bai taɓa yin ƙorafi ba. Ni ne hankalina bai kwanta ba. Shin haka ake koyon ƙira dama? Kuma wanda bai gada ba yana iya zama maƙeri na sosai?

Ɗan_Maƙera_KT:
Wa alaikumus salam. Malam Abban Sadiƙu, kwantar da hankalinka. Ni ɗan gado ne, a cikin birnin Katsina aka haife ni, kuma a maƙerar mahaifina sai da na kusa shekara uku ina zuga kafin ya bar ni in riƙe awartaki. Wata bakwai ai yanzu ya fara.

Mutane suna ɗauka zuga aikin banza ne. Mai zuga shi ne ya fi kowa kusa da wuta, idonsa na kan ƙarfe tun yana baƙi, ya yi ja mai duhu, ya yi ja kamar gauta, ya koma ruwan lemo, ya yi fari-fari. A nan yaro yake sanin lokacin da za a zaro ƙarfe ba tare da an ce masa komai ba. In ya zuga da garaje, ƙarfen ya ƙone, sai ka ga yana fitar da tartsatsi farare yana cin kansa, aiki ya lalace. In ya yi sanyin hannu kuma maigida ya zaro ƙarfe bai nuna ba, duka uku ya huce. Zuga-zugin fata ma hannu biyu ne, wannan na sauka wancan na tashi, iska ba ta yankewa. Mahaifina ko bai waiwayo ba, daga ƙarar wutar yake gane hankalina ya tafi wani wuri. Sai dai in ji ya ce, “Kai, dawo.”

Ka tambayi yaron naka yau da dare: yaushe ake zaro ruwan fartanya daga wuta? In ya ba ka amsa, to ba a banza ya zauna ba.

UmmuHafsat:
Ni dai abin da nake ji shi ne karatunsa. Shekara 14 fa. Don Allah kada maƙera ta cinye boko da Islamiyya. Sannan a saya masa tabarau na kare ido, kuma a hana shi zuwa da rigar ƙwallo ta roba. Ƙanena tartsatsi ya faɗa wa irin wannan rigar, ta narke ta liƙe masa a kafaɗa, har yau tabon na nan. Rigar auduga ta fi.

Injiniya_Bala:
Na yarda da Ɗan_Maƙera cewa zuga karatu ce, amma shekara uku ta yi yawa, mu faɗi gaskiya. Abin da ido ke koya a shekara uku, in aka haɗa da bayani da baki, wata shida ya isa. Misali, launin nan da ake magana ai zafi ne. Ƙarfe in ya kai wajen digiri 770 a ma'aunin Salsiyos, maganaɗisu ba ya kama shi. Ka ɗaura ɗan maganaɗisun tsohuwar sifika a waya, ka ba yaro ya riƙa gwadawa, nan da nan zai haddace launin da ake nema kafin a tsoma wuƙa a ruwa ko a mai. Matsalar iyayenmu masu sana'a ita ce ba su bayani. Yaro ya tambaya a ce ya cika surutu. Shi ya sa yaran yanzu ke gudu, ba don ƙiwa ba.

Ɗan_Maƙera_KT:
Injiniya, maganarka akwai gaskiya a ciki, ni ma yanzu ina yi wa yarana bayani fiye da yadda aka yi mini. Amma akwai abin da baki ba ya koyarwa. Maƙerinmu a zaune yake aiki, uwar maƙera, wato ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a daka, a kafe a ƙasa gabansa, kuma fuskarta ba ta fi tafin hannu da yawa ba. In ana babban aiki, mutum biyu ko uku ke duka a kan wannan ɗan wurin, maigida na juya ƙarfe da awartaki, yana nuna inda za a daka da ƙaramar gudumarsa. In ka ba yaron da bai saba da wannan kiɗan ba masaba, hannun maigida zai farfasa. Ba rowa ba ce kullum, wani lokaci tsoro ne.

Manomi_Sandamu:
Ni manomi ne, bari in faɗi ta ɓangarenmu. Duk wanda ya ce ƙira ta mutu bai zo kasuwa gab da faɗuwar damina ba. Ku je Mai'aduwa ranar Lahadi ku ga layin masu fartanya da galma da lauje da gatari, har mutanen Nijar ke tsallakowa su saya. Garmar shanu in haƙorinta ya cinye, wa ke gyarawa? Maƙeri. Ƙasarmu ta nan jigawa ce, irin fartanyar da muke so daban take da ta masu ƙasar laka a wajen Funtuwa, kuma maƙerin garinku ne kaɗai ya san wannan. Shebur ɗin kanti na saya bara, kafin kaka ya lanƙwashe. Gatarin da tsohon maƙerin garinmu ya yi wa babana yana nan, ƙota kawai muke sauyawa, ta huɗu ke nan. Tsohon ya rasu, 'ya'yansa biyu suna Legas suna acaɓa da, yanzu ban san me suke yi ba. Sai mun yi tafiya kafin mu sami mai koɗa mana kaya. Don Allah a bar yaro ya koya.

Malamin_Tarihi:
Abban Sadiƙu, kai da ke Daura ai maganar ƙira a ƙofar gidanka take. A labarin Bayajida, kafin ya iso rijiyar Kusugu sai da ya biya ta Gaya, maƙeran can suka ƙera masa makamin da ya sare kan macijiyar da shi. Kano ma labarin kafuwarta yana komawa ga maƙera, Abagayawa, waɗanda aka ce kakansu ya zo dutsen Dala neman tama. A Katsina kuma akwai takobin nan Gajere da ake dangantawa da Korau, yana cikin kayan sarauta. Shi ya sa fada ba ta rasa Sarkin Maƙera. Manomi, maharbi, mahauci, wanzami, masassaƙi, baduku, mayaƙi, har kai tela da almakashinka, kowa sai ya bi ta maƙera.

Abin da ke ci mini rai shi ne wanda muka riga muka rasa. Kakanninmu ba tsohon ƙarfen mota suke jira ba. Tama suke haƙowa, su gina tanderu na yumɓu, su jera tama da gawayi hawa-hawa, wuta ta kwana tana ci, su fasa su fitar da curin ƙarfe su tace shi da duka. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa da tarkacensa suka cika kasuwa, narkar da tama ta yi ta ja da baya har ta ɓace. Yau in kana yawo a wasu dazuzzuka za ka ci karo da tarin kashin tama, amma ka nemi wanda zai gina maka tanderun ya kunna, da wuya ka samu. Ilimi ne da aka riƙe a cikin gida ɗaya-ɗaya, da masu shi suka tafi ya bi su. To in maƙera suka ce sai ɗan gado, alhali 'ya'yan gadon sun watse, ƙirar ma hanyar da za ta bi ke nan.

Sani_Zango:
Malamin tarihi, gyara kaɗan. Mu yadda muka ji daga tsofaffi wuƙa ce maƙeran Gaya suka yi masa, wasu kuma su ce takobi. Sannan labarin Bayajida labarin baka ne, masana suna da saɓani a kansa, kada yara su ɗauka kamar an rubuta shi ranar da abin ya faru.

Malamin_Tarihi:
Haka ne Malam Sani, shi ya sa na ce “makami”, na kuma ce “a labarin”. Ko da wane irin ido ka kalli labarin, ka lura da abu guda: masu ba da shi ba su yarda jarumin ya isa rijiya ba sai da suka bi da shi ta hannun maƙera. Wannan ya nuna matsayin da Bahaushe ya ba su.

Bakatsine_a_Abuja:
Ku yi haƙuri, ni ina bayan yayan mai tambaya. Tarihi daban, cin abinci daban. Yaron nan nan da shekara goma aure zai nema. Wa zai ba shi 'ya yana zaune cikin toka? Ai ko a hadisi an kwatanta mugun aboki da mai zuga wutar maƙera. A kai shi walda, ya yi ƙofofi da tagogi, ya sami kwangila.

Almajirin_Malam:
Subhanallah. Ɗan uwa Bakatsine, kada a ɗora wa hadisi abin da bai ce ba. Hadisin da ke Bukhari da Muslim misali ne aka buga da mai turaren miski da mai zuga, cewa zama kusa da wuta ko dai tufarka ta ƙone ko ka shaƙi wari. Ba zagin sana'ar ba ne. In da ƙira abin kunya ce, da Allah bai ambaci tausasa wa Annabi Dawuda (AS) ƙarfe a matsayin falala ba, duba Suratu Saba'i aya ta 10, kuma sulke yake ƙerawa. Ga sura sukutum mai sunan ƙarfe, Suratul Hadid, a aya ta 25 aka ce a cikinsa akwai ƙarfi mai tsanani da amfani ga mutane. Sahabi Khabbab ɗan Aratti maƙerin takubba ne a Makka. Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), a gidan maƙeri Abu Saif aka shayar da shi a Madina, kuma Annabi yana zuwa gidan ya ɗauki ɗansa alhali hayaƙin zuga ya cika wurin. Sana'ar halal ce, kuma ban san inda addini ya ce sai wanda ya gada ba.

Bakatsine_a_Abuja:
Na karɓi gyara a kan hadisin, Allah Ya gafarta mini. Amma maganar samu tana nan.

Ɗiyar_Maƙeri:
Bakatsine, ni 'yar maƙeri ce, jikar maƙeri. Mu tara mahaifinmu ya aurar, da kuɗin fartanya da lauje ya yi mana kayan ɗaki, ya kuma sauke farali. Ban taɓa jin kunyar in ce ga sana'ar gidanmu ba. Na san a wajen Buzaye maƙera jinsi ne daban, a junansu suke aure, wataƙila daga irin wannan ne wasu ke ɗauko ƙyamar. Mu nan ba haka muka taso ba. Mijina malamin makaranta ne, kuma ranar da ya zo gaishe da Baba a maƙera ya same shi, ya tsuguna cikin tokar nan da kake faɗa.

Abin da zan ce wa Abban Sadiƙu: ka riƙa leƙawa kana gaishe da dattijon, ko goro ne ka kai. Babanmu ya fi sakin jiki da yaron da iyayensa ke zuwa. Wanda aka jefo aka manta da shi, yakan ce ba a san darajar abin ba.

Haye_Mashi:
Bari in ba da nawa labarin, don ni ne irin wanda ake tambaya a kai. Ban gaji ƙira ba, mahaifina ɗan koli ne. Na shiga maƙera ina da shekara 17, na yi shekara shida a hannun maigidana. Ya koya mini komai da ido ke gani: yanka da kurfi, huda da matsoni, fitar da ruwan fartanya, shafe baki da magagari, sa ƙota. Yadda ake gasa tsinin ƙarfe a cusa shi cikin ƙota yana hayaƙi har ya zauna daram, duk na iya. Abu ɗaya ne ban taɓa gani ba. Duk ranar da za a ba gatari ko adda ruwa, wato a gasa a tsoma a ruwa don bakin ya yi tauri, sai ya aike ni sayen gawayi ko ya ce in je in ci abinci. 'Ya'yansa na ciki kuwa suna nan zaune.

Da ya yaye ni na buɗe tawa rumfar, wani mai saran itace ya ba ni aikin gatura biyar. Na samo sifirin na mota mai kyau, na ƙera su, kai ka ce a kanti aka yi. Na gasa su suka yi jawur, na tsunduma cikin ruwan randa mai sanyi. Tun a cikin ruwan na ji ɗaya ya yi ƙas. Sauran huɗun na kai wa mutumin, kwana biyu ya dawo da uku, bakinsu ya ɓantare kamar fasasshen tulu. Na biya shi kuɗinsa, na shiga ɗaki na yi kuka, wallahi da hawaye. Ba asarar ce ta fi yi mini zafi ba. Shekara shida ina yi wa mutum biyayya, ashe mabuɗin yana aljihunsa.

Wani tsoho ne a wata kasuwa, wanda ban haɗa komai da shi ba, ya zaunar da ni ya nuna mini a yini ɗaya. Yau shekara goma sha ɗaya ina cin abinci da ƙira, yara huɗu a hannuna, babu ɗan maƙeri a cikinsu. Amsata ita ce e, ɗan haye yana zama maƙeri. Amma maganar yayanka ma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, akwai masu ɓoyewa. Ka bincika halin dattijon: a cikin waɗanda ya yaye, akwai bare? Suna ina yanzu? Kayansu na da kyau?

Injiniya_Bala:
Malam Haye, Allah Ya saka wa wannan tsohon. Ka ga abin da nake faɗa. Sifirin yana da sinadarin kabon da yawa, in ka tsoma shi a ruwan sanyi yana jawur sai ya yi taurin gilashi, ya tsage. Mai ya fi dacewa da shi don a hankali yake sanyaya shi. Kuma bayan tsomawa akwai mataki na biyu da mutane ke tsallakewa: a goge bakin ya yi haske, a sake ɗumama shi kaɗan-kaɗan ana kallon launi yana tafiya, daga ruwan busasshen kara, zuwa ruwan ƙasa, zuwa shuɗi a wajen digiri 300. Wuƙa da aska a tsaya da wuri, gatari da adda a bari ya ƙara gaba don ya jure sara. Rodin gini kuwa, irin wanda aka riƙa mulmulawa a kamfanin ƙarafa na Katsina da aka kafa farkon shekarun 1980 tare da na Jos da Oshogbo, don siminti aka yi shi. Ya yi kyau a koyi duka da shi, a yi ƙusa da ƙugiya, amma ba a dogara da shi wajen abin da ake so ya riƙe kaifi.

Ɗan_Maƙera_KT:
To Injiniya ka fasa ƙwai a bainar jama'a, kuma ban ji haushi ba. Sai dai in ƙara maka: mu da ruwa muke yi tun kakanni kuma ba ya tsagewa, don ba dukan gatarin ake nutsarwa ba. Baki kawai ake taɓawa, a ɗaga, a bar zafin da ke jikin gindin ya gangaro, a sake taɓawa. Kuma ba a yin wannan aiki da tsakar rana a fili, hasken rana yana ɓoye launin ƙarfe, sai ka ga kamar bai yi ba alhali ya wuce. Shi ya sa rumfar maƙera take da duhu-duhu. Bayan an gama a gwada da magagari: in ya zame bai ci ba, taurin ya yi yawa, in ya ci kaɗan da ƙyar, an dace.

Malam Haye, abin da aka yi maka ba daidai ba ne, kuma ba zan kare shi ba. Na san dalilin tsofaffin: suna tsoron ka koya ka buɗe rumfa a gabansu ka janye masu ciniki. Amma wanda ya yi maka zuga shekara shida ya riga ya biya.

Sani_Zango:
Tunda an zo maganar sirri, ni abin da nake so in sani shi ne wasan wuta. Ina yaro na ga maƙera a wani biki, ana kaɗa masu dundufa, wani ya ɗauko ƙarfe jawur yana shafawa a hannu, wani ya sa a baki. Da idona na gani. Wannan ma ana koya wa bare?

Ɗiyar_Maƙeri:
Kakanmu yana yi, Babanmu ya bari tun kafin a haife ni. Ya ce fartanyar manomi ba ta buƙatarsa. Maganin ƙuna dai kam ana zuwa karɓa gidanmu har yanzu.

Almajirin_Malam:
Shawarata ga uban yaro, ya faɗa wa maigidan a fili cikin ladabi cewa sana'a ya kawo ɗansa koyo. Duk abin da za a ba yaro ya sha ko ya ɗaura da sunan maganin wuta, a san mene ne a ciki tukuna. Kuma ƙuna mai tsanani asibiti ake kai ta, a fara da zuba ruwa mai tsabta a wurin.

Tsohon_Soja_Dutsi:
Akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma a halin da jiharmu ke ciki dole a faɗe shi. Ka tabbatar maƙerar da ɗanka ke zama ba a ƙera ko gyara bindiga a cikinta. Doka ta hana ƙera bindiga ba da izini ba, kuma ranar da aka zo kame ba a tambayar wane ne maigida wane ne mai zuga. Na biyu, kayan gwangwan. A koya wa yaro kada ya sa duk wani abu rufaffe a wuta, ko bututu mai toshe, ko tukunyar gas, ko wani ƙarfe mai siffar harsashi da bai san asalinsa ba. Bututun ruwa mai farin shafi ma in ya sha wuta farin hayaƙi yake fitarwa, yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Haye_Mashi:
Gaskiya ne ranka ya daɗe. Ni duk wanda ya zo mini da maganar bindiga, ko ta farauta ce, ina ba shi haƙuri.

Wata matsalar da ke tafe wa yaran nan ita ce gawayi. Gawayin ƙirya shi ne na ƙira, yana da nauyi, yana riƙe wuta, ba ya saurin zama toka. Da a bayan gari ake samu, yanzu iccen ya yi nisa, dajin kuma ba ya shiguwa. Wanda ake kawowa na girki in ka zuga shi da ƙarfi sai ya tashi sama kamar ƙaiƙayi. Ni na koma fanka mai kacar keke maimakon zuga-zugin fata, yaro ɗaya na juyawa da hannu ɗaya, ta fi sauƙi, amma tana cin gawayi in yaron bai iya ba. Ka ga an dawo maganar Ɗan_Maƙera, ko da fanka sai an koyi wuta.

Bakatsine_a_Abuja:
To ai kun ga abin da nake gudu. Gawayi ya yi wuya, ƙarfe ya yi tsada tunda 'yan gwangwan na lodawa manyan motoci suna kaiwa kamfanoni. Ni ban ce ƙira ba ta da daraja ba. Na ce a haɗa masa da walda.

Ɗan_Maƙera_KT:
Wannan kam ban ƙi ba. Ƙanena ya haɗa biyun, yana yin garmar shanu da amalanke da injin casar gyaɗa na hannu. Amma a fara da wuta. Wanda ya san ƙarfe a wuta, walda wata uku ta ishe shi. Mai walda kuwa in ka ba shi sifirin ka ce ya fitar da lauje, sai ya tsaya kallonka.

UmmuHafsat:
Abban Sadiƙu ka yi shiru. Me ake ciki? Ka duba sakamakon jarrabawarsa kuwa?

Abban_Sadiƙu:
Ina nan Hajiya, duk na karanta, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Sakamakonsa bai faɗi ba, lissafi ne dai dama yake ba shi wahala. Mun yi yarjejeniya ba zai je maƙera ba sai ya gama aikin gida, kuma na ɗinka masa riguna biyu na auduga masu kauri. Tabarau ma na saya.

Na yi abin da Ɗan_Maƙera ya ce. Bayan isha'i na tambaye shi yaushe ake zaro ƙarfe. Sai yaron nan ya gyara zama ya fara yi mini bayani da hannu, wai na fartanya daban, na wuƙa daban, wai in Baba ya ce “sassauta” to ƙarfen ya kusa fara tartsatsi, kuma yanzu kafin ya faɗa shi ya riga ya sassauta. Uwarsa ta tsaya da kwano a hannu tana kallonsa. Ni kaina ban san ya san wannan ba.

Jiya kuma na bi shawarar Ɗiyar_Maƙeri, na sayi goro na je gaisuwa. Na kawo maganar waɗanda ya yaye a baya, ya lissafa mini uku da ba 'ya'yansa ba, ɗaya yana Zango da rumfarsa. Ban kai ga tambayar masaba ba, shi da kansa ya ce, “Tela, na san abin da ya kawo ka.” Ya jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin buhun gawayi ya zazzage a gabana. Ƙusoshi ne guda bakwai da basilla ɗaya, wasu a karkace, kan ɗaya ya fashe. Ashe wata guda ke nan in aiki ya lafa yana ba shi guntun rodi da ƙaramar guduma, ya ce kada ya faɗa a gida sai ya yi wadda ta miƙe. Ya ce bayan Sallah zai fara sa shi riƙe awartaki.

Maganar ba ƙarfe ruwa ce ban iya ɗagowa ba, nauyinsa nake ji. Malam Haye, kai da abin ya faru da kai, ta yaya zan kawo ta ba tare da ya ga kamar ina tuhumarsa ba?

Haye_Mashi:
Kada ka kawo ta yanzu, lokacinta bai yi ba, sai yaro ya fara fitar da lauje da kansa. Kafin nan ka je Zango ka nemi wancan da ya yaye, ka sayi adda ɗaya a hannunsa, ka ba mai saran itace ya yi mako yana aiki da ita. In bakinta bai ɓantare ba kuma bai naɗe ba, to dattijon ba ya ɓoyewa.

Manomi_Sandamu:
Kawo mini addar ni in gwada maka, ina da geza da zan sassabe a gona kafin ruwa ya sauka. Basillar nan da yaron ya yi ma ina so, ko a karkace take, ta ɗinkin buhu ce. Nawa zai sayar?